Gwangwanin Iri

Ranar Juma'a na kulle kantin magani a Izmir,
na rataye farar riga a ƙusa, ƙafa na zogi,
na hau motar la'asar mai hawa tsauni.
Direba ya sauke ni inda kwalta ta gaji ta tsaya,
daga nan sai sawun awaki da inuwar zaitun.

Gwaggo Nazmiye ba ta tambayi lafiyar birni ba.
Ta dubi wuyana, ta miƙo kwando.
"Baƙo raɓa ne," ta ce, "to, jiƙa mini gona kafin ki bushe.
Je ki tsinko ɓaure, tsuntsaye ba sa jira."

Na tsinko. Rabi a kwando, rabi a baki.
Nonon itacen ya manne mini a yatsu,
rina ɗaya ta bi ni har ƙofa
kamar mai bin bashi.

Da dare muka yagi burodin da ta gasa tun asuba,
muka dangwala a man zaitun mai kartar maƙogwaro,
ga tumatir da gishiri, ga farin cuku,
ga shayi a kofunan gilashi masu siririn ƙugu.
Maƙwabcinta Tahsin ya shigo da saƙar zuma a faranti,
hannu a kumbure, yana dariya:
"Sun karɓi kuɗinsu tun a gona."

A kan taga, bayan kwalbar barkono,
na tsinci littafi marar bango.
Na marigayi mijinta ne, bai taɓa gama shi ba,
barci kan sace shi a shafi na talatin.
Labarin wani mai gyaran agogo
da ya sayi kwalekwale bai iya ruwa ba.

Asabar duka na ba shi.
Ƙarƙashin rumman, bayana a jikin rijiya,
kyanwa ta mai da cinyata katifa,
tururuwa ta ratsa layi na bakwai ba sallama.
Wayata ta mutu tun jiya a jaka,
ban yi mata zaman makoki ba.

Rana na neman faɗuwa
mutumin ya tura kwalekwalensa cikin teku.
Na juya shafi: babu.
An yage, goma sha wani abu, har ƙarshe.

"Gwaggo, ina sauran?"
Ta goge hannu a gefen riga, ta ja ni ɗakin ajiya,
ta sauko da tsohon gwangwanin biskit.
Ƙananan ƙunshi ne a ciki, an naɗe su tsaf,
kowanne da rubutun fensir a baya:
kabewa, wake, kuɓewa, ɗaɗɗoya.
"Takardar na da kauri," ta ce, "ba ta shan danshi."

Muka zauna a ƙasa muna warwarewa.
Shafi na ɗari biyu da huɗu na riƙe da tumatir,
a nan guguwa ta taso.
Cikin na kuɓewa matarsa ta kunna fitila a bakin gaɓa.
Ina karantawa da ƙarfi, tana tattara ƙwayoyi da yatsa
kada ko ɗaya ta faɗa tsagin katako.
Na ƙarshe ba mu same shi ba.
Ta yi jim, sai ta tuna:
bara ta ba Tahsin irin kankana a ciki,
shi kuwa ya hura wa ƙudansa hayaƙi da shi.

To, ya dawo ko bai dawo ba?
Gwaggo ta ce ya dawo, ai an bar masa fitila.
Tahsin ta kan katanga ya ce kifi ya ci rabonsa.
Ni ban yanke ba.

Lahadi da yamma mota ta yi ƙaho a gindin tsauni.
Jakata ta yi nauyi: mai, zuma, ɓaure a ganye,
da ƙunshi ɗaya, shafi na ɗari biyu da tara.
Ga ɗaɗɗoyar nan ta tsiro a tagar kanti,
tsakanin maganin tari da na'urar awon jini.
Mai saye kan shafi ganyen, ya sansana yatsa,
ya tsaya, ya ce, "Me ma na zo saye?"