Tsagar Bango

Ƙarfe ɗaya na dare a Samaru.
Janareton maƙwabta ya yi shiru,
datar tsakar dare ta shigo,
mu ɗari a fage ɗaya, ba wanda ya san fuskar wani.

Ni na fara ganin tsagar.
Bayan tankin ruwa, gefen rusasshen sito,
in ka durƙusa, ka yi tsalle sau biyu, ka karkata hagu,
bangon zai haɗiye ka.
Daga ciki kana ganin kowa.
Harsashinka na fita, nasu ba ya shiga.
Ban gina ba, ban fasa ba,
masu wasan ne suka bar ta haka,
kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Safiyanu kuwa saye ya yi.
Dubu uku ya kai wa mai gyaran waya a Sabon Gari,
aka ɗora masa manhajar da ke saita bindiga da kanta.
Ko yana sosa ƙeya da hannu ɗaya,
kan mutum take nema.

Na kira shi ɓarawo a teburin mai shayi.
Ya kurɓa, ya ajiye kofi, ya ce:
"Ni tsani na saya, kai taga ka tsinta.
To a gidan wa muka kwana, Ridwanu?"

Na yi ta bayani har shayina ya huce.
Nawa cikin wasan yake, naka daga waje ka jawo shi.
Nawa ido ne da haƙuri, naka kuɗi ne.
In ɓera da sata, daddawa ma da wari,
su je su gyara kayansu.
Mai shayi ya ce shi dai ɗari huɗu yake bi na.

A hanyar gida, ban san me ya kawo shi ba,
mudun Baba ya faɗo mini a rai.
Ina ɗan shekara tara, a kasuwar Tudun Wada,
ya zame daga kan buhun gero, gindinsa ya lotsa ciki.
Abin da ya rage bai kai cikin tafin hannu ba.
Ga masu saye a tsaye,
Baba ya aike ni da shi wurin maƙeri.
Na ce ai ba kai ka buga ba.
Ya ce, "Faɗuwa ce ta lotsa shi,
amma hannuna ne zai auna."

Duk da haka na koma daren.
Gaskiya ɗaya ce, na koma.
Na shiga bangon, na kwantar da goma sha bakwai.
Na ƙarshensu, wani mai laƙabin Autan Gyallesu,
ya zagaya tankin sau uku yana harbin iska
kamar wanda rina ta shiga wa riga.
Da ya faɗi sai ya turo saƙo:
"Yaya, don Allah ina ka ɓuya?
Tun Asabar nake koyon wurin nan."

Ba zagi.
Da zagi ne da na yi barci.

Na rubuta, na goge.
In na gaya masa, mun zama ƙadangaru biyu.
In na yi shiru, gobe zai sake sayen data
ya zo ya zargi yatsunsa.

Ran Laraba suka sabunta wasan.
An rufe asusun Safiyanu.
Nawa yana nan, da lambobin yabona duka.
Na je bayan tankin, na durƙusa, na yi tsalle sau biyu,
goshina ya bugi bango.

Kada wani ya ce na tuba.
Liƙe tsagar aka yi.
Ina tsaye a fili kamar kowa
wani ya harbe ni ta baya,
na duba sunan da sauri,
ba Autan ba ne.