Ƙofa Ta Ashirin Da Biyu

Adireshi goma sha shida aka ba ɗakin karatun nan na Tartu,
duka a bakin titi, ba shinge, ba labule.
Kowace na'ura ƙofarta na kallon duniya,
har firintar da ke bene na biyu,
wadda wani daga wata nahiya ya sa ta yi aman takardu sittin
ranar Talata, gari bai waye ba.

Merike na zaune a kicin ɗinta, shayi ya huce,
tana duba rajistar masu ƙwanƙwasawa:
sau dubu huɗu tun daren jiya.
Ba mutane ba ne. Ba sa gajiya, ba sa jin kunya,
suna gwada kalmar sirri ɗaya bayan ɗaya
kamar ɓarawon da ya tsinci damin makullai.

Ta fara da doka mafi tsauri: a rufe duka.
Sannan ta buɗe ƙofar masu neman littafi,
ta buɗe ta wasiƙu, kaɗan, daidai faɗin ambulan.
Wanda muka aika, in ya dawo da amsa, a bar shi ya wuce.
Saura kuwa, ko kallo.

Ta danna.

Allo ya sandare.
Ta sake dannawa. Shiru.
Ƙofa ta ashirin da biyu, wadda ita kanta take bi,
ta haɗa da ita a cikin "duka".
Garin neman gira.

Sai takalman sanyi, sai hula, sai gadar Emajõgi,
kogin ya daskare har ba ya motsi,
numfashinta na tafe gabanta fari fat.
Endel mai gadi ya buɗe da makullin ƙarfe,
yana dariyar da ta koma tari:
magini ya kwana bayan katangarsa!

A ɗakin ƙasa, cikin gunjin fankoki,
ta durƙusa ta jona waya, ta ƙara layi guda:
adireshinta, shi kaɗai.

Endel ya leƙo da fitila.
Ya ce, ta yaya kike gane ɓarawo a cikinsu?
Ta ce, ba na ganewa.
Na dai san wanda nake jira.

A sama, firinta ta yi tsit,
takardunta cif, ba wanda ya taɓa.