Mai Gadin Silin

Mutala ya kawo ta daga Tema a cikin kwali,
fara, kewayayya kamar ƙaramin faifai.
Ya taka kujera ya kafe ta a silin.
Ya ce, "Baba, duk Nima babu mai hancinta.
In ta shaƙi hayaƙi, ko mafarkin Makka kake, sai ta tashe ka."

Wata guda ba ta ce uffan ba,
sai jan idonta, ƙyaf, ƙyaf, a cikin duhu.

Sannan damina ta sauka.
Iskar teku ta hauro da jiƙaƙƙen numfashi,
gishiri ya dunƙule a gwangwani,
ashana ta ƙi kamawa,
rigar da aka shanya tun Lahadi tana nan da danshinta.
Ƙarfe uku na dare, sai ta tsala ihu.

Fulera ta fito da bokiti, ni da takalmi ɗaya,
Ataa Okai na ɗakin ƙarshe da tocila,
yana tambaya da Ga, muna amsawa da Hausa.
Murhu a mace. Toka ta huce tun isha.
Laima ce kawai ta shige mata hanci.

Ta sake ran Talata, kan tururin wankan Sharifatu.
Ta sake da tukunyar koko ta tafasa.
Yaran gida suka raɗa mata Uwar Ƙarya.
Ni ma na gaji. Na taka kujera,
na zare batir, na jefa aljihu.

Daren ya yi tsit, ni kuwa ban runtsa ba.
Shagona nake gani, shekara sha ɗaya baya:
keken ɗinki biyu, atamfar mutane ta Sallah,
ɗinki talatin da na karɓi kuɗin rabinsu.
A wancan daren babu wanda ya yi ihu,
ko na ƙarya.
Da safe almakashi kawai na tsinta, baƙi wuluk.

Kafin kiran assalatu na mayar mata da harshenta,
na matsar da ita nesa da ƙofar banɗaki,
na goge mata fuska da gefen hula.

Jiya ma ta yi kuka, ruwa na dukan kwano.
Fulera ta juya, ta ja zane.
Na tsaya tsakar gida ni kaɗai, ina shinshina iska.
Ƙofar Ataa Okai ba ta motsa ba.