Daƙiƙa Biyu

Ni ke riƙe masa agogo.
Laifina ke nan, gara in faɗa tun farko.

Kafin ladanin Bolari ya gyara murya
Jungudo ya ɗaure igiyar takalmi,
ya kwance, ya sake ɗaurewa,
wai kunnen hagu ya ɗara na dama.
Haka yake tun yana aji uku:
harafi ɗaya ya karkace, ya yage shafin duka.

Ni bisa mashin ɗin acaɓata, shi a ƙasa,
mu miƙe titin Biu har Liji,
fitilata na lasar dugadugansa.
In na ce, "Ka yi ƙoƙari,"
sai ya ce, "Yaya, faɗi lamba."

A bangon ɗakinmu akwai lamba da gawayi,
ya zana ta daidai inda ido ke sauka in an farka.
Ranar gasa a Pantami ya zo na ɗaya,
na biyu ma bai shaƙi ƙurarsa ba.
Ana ta tafi, yana kallon hannuna.
Daƙiƙa biyu suka rage ya taɓa gawayin nan.
Ya miƙa wa Inna kofin ba ko murmushi,
ta zuba allurai da maɓallai a ciki.
Daren nan tuwonsa ya kwana a rufe.

Koci Yila ya ce, "Yaro, ko gona akan bar ta ta huta.
Ranar Juma'a kar in ga ƙafarka."
Ya ce to.
Juma'ar da dare na ji igiya na dukan ƙasa a bayan ɗaki,
tas, tas, tas,
har ƙarfe ɗaya.
Na ja bargo na rufe kaina.

Barci ya ƙaurace masa.
Mura ta zo ta ƙi tafiya.
Wando ya fara neman a ƙara masa huda a bel.
Ya ɗaure ƙwaurinsa da tsohon ɗankwalin Inna
ya ce sanyi ne.
Na san ba sanyi ba ne.
Amma ina son ranar da za a ce, "Ƙanin wane ne,"
sai na tayar da mashin.

A asibiti likita ta ɗaga hoton ƙashi wajen taga.
Tsaga ce siririya, kamar silin gashi a cikin nono.
Ta ce wata uku.
Ya ce, "Ninƙaya fa? Keke fa?"
Ta cire tabarau ta dube ni, ba shi ba.

Ganga in ta cika zaƙi, an san abin da ke biyo baya.
Ni ne makaɗin.

Yanzu yana zaune a dakali da sandarsa.
Ya tambayi agogo, na ce batir ya mutu.
Ƙarya nake, yana aljihuna yana tafiya.

Jiya da la'asar yaran layi suka wuce da gare-gare,
ba layin farawa, ba mai ƙirga musu komai.
Na ga leɓensa na motsi, yana lissafi.
Ya ce, "Ƙaramin can yana jefa ƙafa ba daidai ba."
Yaron ya faɗi, ya tashi, yana ta ƙyalƙyala dariya.

Jungudo ya daɗe yana kallonsa.
Can ya ce, "Yaya, da can ni ma haka nake gudu?"

Ban goge gawayin ba tukuna.
Na dai jingina buhun masara a wurin.