Abin da Ke Cikin Bango

Shekara goma sha ɗaya muciya ce ke tokare da tagar ɗakin Baffa.
Zare ta, gilashi ya rufto kamar an yanke hukunci.
Ya taɓa cin yatsar Ladiyo, har yau farcen bai miƙe ba.

Kafintoci uku sun zo, bakinsu ɗaya:
a ɓalle ta, a sa ta alminiyam mai zamewa gefe, irin ta kowa.
Na huɗun, Malam Barde daga Ƙofar Ran,
bai ce uffan ba.
Ya kanga kunne a jikin katakon,
ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, sama, ƙasa,
kamar mai cinikin kankana a Wunti.
Ya ce, "Suna nan. Faɗuwa kawai suka yi."
Na ce, su wa?

Ya bi layin fenti da bakin wuƙa,
kore, ƙarƙashinsa fari, ƙarƙashinsa wani shuɗi
da ban taɓa sanin gidanmu ya sa ba.
Wata 'yar ƙofa ta buɗe a gefen tagar,
faɗinta bai kai tafin hannu ba.
A ɗakin nan aka yi mini aski, a nan na yi ƙyanda,
ban san da ita ba.

Gidan zanzaro. Ɓawon ƙwan tsaka.
Kwabo mai huji, ko wa ya tura shi.
Sai hannunsa ya nutse har gwiwa
ya fito da ƙarfe dogo, baƙi, kamar rogon da ya ƙone,
da guntuwar igiya a wuyansa
wadda ta zama gari tun kafin ta iso haske.

"Taga ba ta hawa da ƙarfinta," in ji shi.
"Wani ne ke sauka a duhu."

Ɗaya gefen ne ya tsayar da shi.
Can babu ƙarfen Bature.
Ƙusoshin layin dogo ne, guda shida,
an ɗaure su da waya, an naɗe da tsumman kaki,
a samansu ƙulli mai kunne biyu.
Na san ƙullin.
Da shi Baffa ke ɗaure ragon layya a gindin dalbejiya,
Baffa da Inna ke cewa ko ƙusa bai iya bugawa ba,
sai biro da littafin tikiti.

Barde ya aiki yaro ya aro sikelin mai nama.
Ya ɗora na Bature. Ya sauke. Ya ɗora na Baffa.
Allurar ta koma inda ta tsaya ɗazu,
ba ta ƙara ko ƙwayar gero ba.
Ya dube ni ta saman tabarau:
"Wa ya yi wannan?"
Bakina ya ƙi.

Ya ɗiga baƙin mai a gargaren sama har ya daina kuka.
Ya ɗaura 'yar dalma a bakin zare, ya jefa,
muka ji tana gangarawa cikin bango, ƙis, ƙis,
zare ya jawo sabuwar igiya.
Da ya zo ɗaurin, sai ya tsaya,
ya kwance nasa,
ya sake yin mai kunne biyu, yana leƙen tsohon.
Sau uku kafin ya kama.

La'asar ta yi. Ya ce, "Ɗaga."
Na sa hannu biyu, na shirya wa nauyi,
sai ta tafi da yatsa ɗaya,
ta tsaya daidai inda na bar ta,
ba muciya, ba kowa.

Iskar hadari ta shigo daga wajen tasha,
inda ciyawa ta rufe layin da Baffa ya yi wa aiki.
Ladiyo ta ɗauki muciyar ta juya ta a hannu.
Bakin tagar ya ci mata wuya, ba ta tuƙa tuwo kuma.
Ta jingine ta bayan ƙofa.

Da dare na sauke tagar a hankali.
A cikin bango, ƙusa shida suka hau.