Gurbi Biyu a Fom

Ƙarfe sha ɗaya na dare a Scarborough,
dusar ƙanƙara tana lasar taga.
'Yata na zaune a teburin kicin,
hasken kwamfuta ya wanke mata fuska,
shayin da na haɗa mata ya huce tun ɗazu.

Gurbi biyu ne a fom ɗin.
Na sama: sunan da ke kan fasfo.
Na ƙasa: sunan da kike so a kira ki da shi.

Thenmozhi muka raɗa mata,
ni da Pavalam, a asibiti, gab da asuba.
Da Tamil, harshe mai zuma ke nan.
Akwai wani sauti a ƙarshensa
da sai ka naɗe harshe ka kai shi ganda,
kamar yaro mai ɓoye alewa kada malami ya gani.
Malamarta ta firamare ta gwada sau biyu, ta yi dariya,
ta ce, "Tammy ya fi sauƙi, ko?"
'Yar shekara shida ta gyaɗa kai.

Takarda talatin da ɗaya ta aika da cikakken sunanta,
shiru, kamar an shuka dusa.
Ta canja kalma ɗaya tak a saman shafi.
Digiri bai ƙaru ba, shekarun aiki ba su ƙaru ba.
Ta aika huɗu. Biyu suka kira kafin Laraba.
Ba ta yi tsalle ba.
Tashi ta yi ta sake wanke kwanukan da na riga na wanke.

Na buɗe baki zan yi faɗa,
idona ya faɗa kan rigar aikina a bayan ƙofa.
Shekara ashirin da biyu ina ɗaga kwalaye a sito,
a ƙirjina haruffa uku da jan zare: Ken.
Kanagasabai, wanda uwata ke ƙwalawa
daga bakin rijiya a Point Pedro
har ya iske ni a bakin teku,
shi ogana ya datse kamar farce, ranar farko,
ni kuma na ce na gode.
To, da wane bakin?

"Appa, me zan rubuta?"
Na ce, "Na sama na hukuma ne, ba a yi masa kwana.
Na ƙasa naki ne."
Na ji yatsunta sun buga, sun goge, sun sake bugawa.
Na juya baya ina neman murfin tukunyar da ba ta ɓata ba.

Kamfanin inshora ya ɗauke ta.
Katin da take ratayawa a wuya ya ce Tammy,
da hotonta, tana murmushin da ban san ta da shi ba.
Amma ƙarshen wata takardar albashi ta zo,
haruffa ashirin reras, ba wanda ya yi fashi,
nata tara, nawa sha ɗaya.
Ashe kuɗi sun iya sunanmu.
Haraji ma bai taɓa yin tuntuɓe a kansa ba.

Ta ce wata Oksana, mai lissafin albashi,
ta tare ta wajen injin kofi:
"Yaya ake faɗinsa?"
Suka cinye hutun rana suna naɗe harshe.
Har yau yana fita a bakinta kamar an taka biredi,
amma kullum safe sai ta gwada.

Jiya rigata ta yage a hammata,
na je ofis a ɗinko min sabuwa.
Yaron ya ce, "Ken, kamar kullum?"
Na karɓi bironsa na rubuta duka.
Ya ƙirga da yatsa, ya ce ba zai shiga saman aljihu ba.
Na ce a rage girman haruffan.
Ya ce zai tambayi oga.

Ina jira.