Hoto Ba Kai

Ranar Asabar, tun gari bai gama wanke ido ba,
mu huɗu muke barin Bauchi a motar Babayo,
kekuna a baya, ɗaure da roba kamar awakin kasuwa.
A Dass muke sauke su,
a taɓa iskar taya, a matsa birki a saki.
Dutsen Mbula yana kallonmu, bai taɓa cewa sannu ba.

Ni ne mai kyamara.
Ta gwanjo ce, a Wunti na saye ta
hannun wani yaro mai yawan rantsuwa.
Murfin batir sai da salatif,
gilashin da tabo a gefe, hotuna duk sun gaji tabon.
Ba sana'ata ba ce. Fanka nake gyarawa a Muda Lawal.
Wannan kuwa ƙaiƙayi ne, susa ba ta kashe shi.

Sai in riga su gaba, ina haki,
in yar da keke cikin ciyawa,
in kwanta rub da ciki a kan fa,
cinnaku suna karɓar harajinsu a ƙuguna,
ina jiran su ɓullo daga kwana.
Ajuji yana so a kama shi a sama, taya biyu ba ƙasa,
sau uku ya koma ya sake tsalle,
na huɗu ya sauka cikin gonar gyaɗar mutane.
Gidado kuma cewa yake, ka ɗauke ni, amma ban da tumbin.
Shekara uku ke nan.
Hoto ya fi dubu, ka duba ka sake dubawa,
ba ni a ciki, sai dai inuwata a bakin dutse,
gwiwar hannu biyu a buɗe kamar ungulu na shanya.

Wata rana da kaka, hawa ya fi ƙarfin giya,
muka sauka muna turi, harshe a waje.
Sai ga wata tsohuwa, itace a kafaɗa, silifa ɗaya ɗinki da waya,
ta zo ta wuce mu.
Ta juyo ta ce, wa ya koro ku?
Muka ce ba kowa, Inna.
To wa ya aike ku?
Ba kowa.
Ta ce, lafiya ce ta yi muku yawa.

Ta jingine itacen, ta leƙa bayan kyamara,
na nuna mata Mbula, na nuna mata gajimare a wuyansa.
Ta daɗe tana kallo.
Ta ce, ai ya fi haka tsawo.
Tambayi gwiwata.

Kai kuma ina kake a ciki?
Na yi shiru. Ta miƙo hannu.
Na rataya mata, na ɗora yatsarta a kan maɓalli,
na koma na tsaya jikin kekena,
ban san inda ake ajiye hannu ba.
Ƙyas.
Ta ɗauki kayanta, ta bi ta bayan wani ƙirya, shi ke nan.

Hoton ya fito daga wuya zuwa ƙasa.
Riga jiƙe, an zana gishiri a ƙirji,
baƙin man sarƙa a ƙwauri,
ƙarangiya ta yi gari a safa,
tabon gwiwa da na samo a gangaren bara,
rabin taya, da babban yatsarta a kusurwa, ja-ja.
Ajuji ya yi dariya har ya zauna a ƙasa,
ya ce goge, mu sake maka na kirki.

Na wanke shi a Yalwa, na sa a firam.
Yana nan a shago, tsakanin fankokin da masu su suka manta.
In mutum ya ce, wane ne wannan ba kai?
sai in ajiye sukuddireba,
in naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa.